Rasuwar Takardar Matakai Tara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu da ya fi baƙin ciki ɗaci, ni Zulkifli Hodi, mai shagon kwamfuta a Gwadangaji, nake sanar da rasuwar takardata ta umarnin saka manhajar kyauta, ranar Asabar a Argungu. Shekara uku ta yi a bangon shagona cikin rigar leda.

Marigayiya ba ta da surutu, in ban da ƙwas-ƙwas idan fanka ta juyo kanta. Da hannuna na rubuta ta da Hausa, mataki tara, kuma ba ta taɓa ba ni kunya gaban mai aiki ba.

Ciwon ajali ya kama ta a mataki na shida, inda ake ɗauko wani guntun manhajar daga intanet. Ashe masu ƙera manhajar sun canza guntun don ya dace da sabon zubin da suke kan ginawa, suka bar mu da tsohon faifan saka manhajar da su da kansu suka ce shi ne tabbatacce. Ko sallama ba su yi mana ba. Ta cika a hannuna can Argungu, a gaban Hajiya Laure, shugabar makarantar da na yi wa alkawarin saka manhajar a kwamfuta goma kafin jarrabawar Litinin. Hajiya gyalenta kawai ta gyara.

Na aika wa masu manhajar wasiƙa. Suka amsa da fara'a cewa an riga an gyara a sabon zubin, zai fito idan ya nuna. Da na bincika, ashe wata goma sha huɗu ke nan yana nuna. Mutanen da nake yawon yabo har Zauro, ina rantsuwa ba sa yar da nasu. Wallahi an ci amanata.

Marigayiya ta bar faifai ɗaya lafiyayye wanda ba ya shiga kowace kwamfuta, da sabon umarni a intanet mai bayanin manhajar da ba a haifa ba tukuna.

Za a binne ta ranar Alhamis bayan la'asar, a bayan shago. Duk wanda na ba kwafinta, kun kai arba'in, don Allah ya zo da shi a haɗa su rami ɗaya. Wanda ba zai samu zuwa ba, ya taimaka ya yage ƙasan takardar, inda sunana da lambar wayata suke.