Haƙorin Makkan Alhaji Tanimu

Wannan abu a gabana aka yi shi, a asibitin haƙori. Ko a Gusau ne ko a Funtuwa, yanzu ba zan rantse ba, garuruwan sun fara cakuɗe mini a kai. Na dai tuna na je a duba mini 'yan turamen da suka rage a bakina, aka zaunar da ni a benci, labule kaɗai ne tsakanina da kujerar likita. Labulen ma bai kai bango ba.

Wanda ke gabana a layi wani Alhaji Tanimu ne, mai sayar da hatsi. Na san shi, don na taɓa zama a unguwarsu ina karantarwa. Ya je Hajji sau ɗaya da daɗewa, ya dawo da haƙorin Makka a gaba, irin wanda ake lulluɓe haƙorin mutum da zinariya. Allah ya karɓi aikinsa, ba ni da ta cewa a nan. Amma mudun da ya tafi ya bari, mai gindin nan da aka bubbuga ya shige ciki, shi ya dawo ya ci gaba da awo da shi. In damina ta yi tsakiya sai ya kulle rumbu, ya jira gero ya yi tsada. Shi da maƙwabcinsa kuwa sun daina gaisawa a kan magudanar ruwa.

Haƙorin dai yake ji da shi. Ko ta'aziyya ya je sai ya san yadda ya yi ya yashe baki. Kowace safiya yakan goge shi da bakin rawani har ya ɗau ido, sauran haƙoran kuwa ya bar wa goro da shayi mai sukari. Asuwaki, sai in ya gani a bakin wani.

To, ashe haƙorin da ke ƙarƙashin zinariyar ya daɗe da ruɓewa. Dasashi ya kumbura, leɓe ya bi shi, har idonsa na hagu ya fara shigewa. Ya tura kanumfari, ya kuskure da ruwan gishiri, duk a banza. Matarsa Tabawa ce ta tasa shi gaba har asibiti, ta kuma shiga tare da shi don kada ya sulale ta baya.

Likitan saurayi ne mai ladabi, sunansa ya ɓace mini. Ya leƙa bakin da ɗan madubinsa, ya ƙwanƙwasa haƙorin a hankali, Alhaji ya zabura har hularsa ta faɗi.

Likita ya ce, "Baba Alhaji, wannan kam ya mutu. Mugunya ta taru a saiwarsa. Sai dai a cire."

Alhaji ya ce, "A cire wanne?"

"Na zinariyar."

"Ɗana, ga haƙora nan cike da baki, baƙaƙe da jajaye. Zaɓi wanda ka ga dama. Cire biyu ma in kana so."

"Baba, su ma suna jiran wanki, amma ba su ne ke hana ka barci ba. In aka bar wannan, kumburin zai iya gangarawa har wuya, kuma nan ba wurin wasa ba ne."

Tabawa ta ce, "Ka ji ko, Alhaji? Ka bari a cire mu huta. Tunda ciwon nan ya fara, ko kaji ba su da sukuni a gidan. Jiya tuwo ma rufe ido ka yi kana haɗiya kamar magani."

Ya ce, "Ke rufe mini baki! Ke kika hau jirgin?"

Ta gyara mayafinta.

Likita ya ɗauko allura yana lallashi. "Da wannan ba za ka ji komai ba. In wurin ya warke sai in sa maka wani, fari tas, ba mai gane ba naka ba ne."

"Fari? Farin haƙori ai ko akuya tana da shi! In na shiga kasuwa da farin haƙori, da me baƙo zai san na je Makka? So kake a koma ce mini Tanimu gatsau, kamar wani ɗan dako?"

Likita ya yi murmushi. Da ganinsa ka san ya zauna gaban malamai. Ya ce, "Haba Baba, ai Hajji ba a baki take ba. Wanda ya je ya dawo, a halinsa ake gani. A awonsa, a maganarsa, a zamansa da maƙwabta. Mutane a nan za su duba su gane."

Sai na ga Tabawa ta miƙe a hankali, ta tare tsakanin mijinta da allurar.

Ta ce, "Likita, in dai a nan za su duba, don girman Allah ka lallaɓa ka bar masa haƙorin."