Yadda Za Ka Yi Noman Kabewa Da Irin Maƙwabciya

Kai da surukarka ta ce ko barkono ba ka iya rayawa a gwangwani, matso kusa. Na yi maka alkawari, kafin damina ta yi nisa kabewa za ta cika maka tsakar gida, farcenka bai taɓa ƙasa ba. Ɗalibina Sirajo na unguwar Nasarawa ya gwada. Surukarsa Hajiya Ummu Hani ta Argungu ce ta yi masa wannan gorin gaban matarsa Munira, ya rantse sai ta sha miyar taushe da kabewar gidansa.

1. Kada ka shuka komai

Iri yana son ban ruwa safe da yamma da gadin kaji. Kai ina kake da wannan lokacin? Nemi maƙwabci mai hannun shuka. Sirajo ya dace da Maman Bolanle, mai shagon atamfa, wadda katanga kawai ta raba su.

2. Ba da shawara kyauta

Da ka ga tana tsirar da iri a ledojin ruwan fiya wata, yi sallama da fuskar masani. Ka ce, "Maman Bolanle, kabewa jikin katanga taka so, can sanyi yake." Daga nan ka wuce masallaci, ka gama naka noman.

3. Kafa rumfa ta ɓangarenka

A nan kaɗai za ka yi gumi, ka yi haƙuri. Sayo gora da igiya, ka kafa rumfar ta ɗara katanga tsawo. Da yaɗon ya leƙo, kama masa hannu a hankali ka ɗora bisa igiya. Wannan ba sata ba ce, karɓar baƙo ce. Sirajo har tsohon zanen Munira ya yayyaga, ya yi wa kowace kabewa goyo don kar nauyi ya tsinko ta.

4. Zuba ruwa inda za a gan ka

Saiwar tana can gidan mutane, amma kai dai jiƙa gindin gorarka kullum. In matarka ta ce, "Wai mi kaka ba ruwa nan?" ka ce mata harkar noma sai maza.

5. Gayyato surukar

Hajiya ta iso, aka shimfiɗa mata tabarma ƙarƙashin rumfar. Ta ɗaga kai ta ce, "Ikon Allah! Sirajo, ashe na ɗauki alhakinka." Daɗi ya kusa kashe shi.

Sai ga sallama. Maman Bolanle ce, da kwando da wuƙa.

"Malam Sirajo, Allah shi saka! Gidana ba fili, da ba don rumfarka ba, ina zan sa su? Baɗi ma nan zan turo."

Ta yanke su tas. Ta zaɓi babbar, ta durƙusa gaban Hajiya: "Mama, ga ta miya. Wagga ni na shuka ta da hannuna."

Hajiya ta sha miyar taushe ranar, ta kuma yaba. Sai dai ba Sirajo ta yaba wa ba, Maman Bolanle ta yaba wa.

Gargaɗi: ni kabewa na ce za ta cika maka gida, kuma ta cika. Ban ce taka ba ce. Abin da ya biyo baya tsakaninka ne da surukarka, kada wanda ya zo mini ƙofar gida.