Yadda Za Ka Ɗaga Motarka Har Ta Fi Ƙarfin Budurwarka

Kai mai a-kori-kura, matso kusa. Idan ka bi matakan nan ba ka tsallake ko ɗaya ba, na ba ka tabbaci motarka za ta yi tsayin da direbobin bas za su riƙa ɗaga kai kafin su gaishe ka. Ba a littafi na kwaso su ba. Maƙwabcina Brodie, mai gyaran famfo a garin Toowoomba, shi ya gwada su a kan idona, a shekarar da ya sayi zobe ya ɓoye a aljihun gaban mota, ya ƙudurta zuwa gidan gonar su Narelle budurwarsa, can bayan garin Quilpie, ya nemi aurenta a wurin mahaifinta. Yana son yarinyar nan har cikin ransa, wannan kam ba abin wasa ba ne. Abin da ya rage masa kawai ya isa gidan tana gefensa.

Mataki na ɗaya: Ƙirƙiro dalili

Ba a ɗaga mota haka siddan, sai da hujja. Ta Brodie ita ce hanyar gidan surukai: jar ƙasa, ramuka, kwazazzabai. Gaskiya ne tsoho Merv, mahaifin Narelle, tun kafin a haifi Brodie yake bin hanyar nan da wata kwarababbiyar mota da ba a taɓa ƙara mata ko tsayin farce ba. Kada wannan ya dame ka, ai Merv ba neman aure yake zuwa ba. Brodie ya riga ya hango kansa yana shiga harabar gidan, tsohon ya tura hula baya yana cewa a ransa, to, yau ga namiji.

Mataki na biyu: Nemi shawarar wanda bai taɓa sauka daga kwalta ba

Kowace unguwa tana da irinsa. Tamu tana da Tezza, wanda motarsa ta fi ta kowa tsayi, kuma mafi munin hanyar da ta taɓa bi ita ce tsakuwar ƙofar shagon barasa.

"Inci biyu nake tunanin ƙarawa," in ji Brodie, suna gasa nama a bayan gida.

"Biyu? Haba mutumina, keken jarirai za ka haɗa? Kakata ma biyu ta sa. Huɗu, ko shida in kana da zuciya."

Narelle na zaune ta miƙe ƙafa a kan kujera, don gwiwarta da aka yi wa aiki bayan ta ji ciwo a filin ƙwallo ba ta gama warkewa ba. Ta ce, "Brodie, biyu ya isa. Ka tuna ni zan riƙa hawa."

"Na ji, Nel."

Ya ji ɗin kuwa. Ya sa shida. Ka koyi wannan: "na ji" ba alkawari ba ne, bayani ne a kan lafiyar kunne.

Mataki na uku: Turo tayoyi waje

Rim, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a kansa, iri-iri ne. Akwai mai ɓoye taya a ƙarƙashin jikin mota, akwai mai turo ta waje. Doguwar mota mai matsattsun ƙafafu tana tangaɗi a kwana, don haka akan ɗan buɗa su, kuma wannan hankali ne. Amma kai ba hankali ka je saya ba. Zaɓi wanda zai fito da taya har ta wuce murfin da aka yi don tare laka. Da Brodie ya tsaya bayan tasa ya ga ta buɗa ƙafafu kamar ɗan kokawa, sai da idonsa ya ciko da ƙwalla.

Sitiyari zai yi nauyi. Taya za ta riƙa gugar ƙarfe in ka karya kwana. Ɗan sanda zai riƙa bin ka da ido. Duk alamun girma ne. Sannan duk abin da taya ta kwaso a hanya, a jikin ƙofa da mariƙinta za ta watsa shi. Ba a gefenka kaɗai ba.

Mataki na huɗu: Cire matakalar gefe

Tezza ya ce duwatsu na kama ta. Waɗanne duwatsu? Kada ka tambaya. Cire.

Safiyar tafiya Narelle ta fito cikin farar riga mai furanni, wadda mahaifiyarta ta aiko mata. Ta dubi kujera a can sama, ta dubi Brodie.

"Da igiya za ka jawo ni, ko tsani ka tanada?"

"Ki kama nan, ki taka taya, ki yi sama. Za ki saba."

Ta kama, ta taka, ta cije leɓe, ta yi sama. Sai ka ce mata kin ga, ba wuya.

Mataki na biyar: Kada ka kuskura ka sauka daga kujerarka

Nan ne ainihin karatun. Ka san ƙa'idar ƙasar makiyaya: wanda ke gefen direba shi ke sauka ya buɗe ƙyauren shinge, mota ta wuce, ya rufe, ya dawo ya hau. Kuma yadda ka sami ƙyaure haka za ka bar shi, in ba haka ba shanun wani su gauraya da na wani, a yi shekaru ba a gaisawa. Daga inda kwalta ta ƙare zuwa gidan Merv kuwa ƙyaure ne bayan ƙyaure, kuma an sha ruwa a makon.

A na farko ta diro tana dariya. A na gaba dariyar ta ragu, don mariƙin ƙofa ya yi kauri da jar laka, kuma tayar da za ta taka tana sulɓi. Daga nan furannin rigar suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. A wani ƙyauren ƙafar ta zame, gwiwar nan ta bugi rim, ta tsaya riƙe da ƙofa ta runtse ido.

Brodie ya gani. Zuciyarsa ta ce masa, sauka mana. Amma inji na aiki, ƙa'ida ƙa'ida ce, kuma direban mota irin wannan ba ya sauka. Sai ya leƙo daga sama.

"Nel, kin lura? Cikin motar ko sau ɗaya bai taɓa ƙasa ba!"

Mataki na shida: In ta yi shiru, ɗauka kallon daji take yi

Ta juya fuska wajen taga. Shi kuma ya cike wurin da bayanin sifirin da shokozoba, yana satar kallon aljihun da zoben yake, yana maimaita abin da zai faɗa wa tsohon. Murna ta cika shi har ya fara fito.

Mataki na bakwai: Ƙyauren ƙarshe

Daga nan ana hango rufin gidan da tankin ruwa. Merv ya ji ƙarar mota ya taho a babur ɗinsa mai ƙafa huɗu, ya tsaya daga cikin shinge.

Narelle ta sauka a hankali. Ta cire sarƙa, ta buɗe ƙyauren daidai faɗin jikinta, ta shige, ta mayar, ta maƙala sarƙar.

"Nel! Kin manta ban shigo ba."

"Ban manta ba. A rufe na same shi."

Nan ne Brodie ya buɗe ƙofa ya diro, karo na farko tun da suka bar kwalta. Ƙasar ta yi masa nisa fiye da yadda ya zata. Tafin hannunsa ya cika da laka, dirar ta ratsa shi har haƙora. Ya miƙa hannu ga sarƙar.

"Au, ashe ka san ana sauka," ta ce. Ba faɗa a muryarta, kuma wannan ne ya fi tsorata shi. "Abu ɗaya na roƙe ka, Brodie. Ka koma, Tezza zai so ya ji yadda motar ta yi."

Merv ya dubi rigar 'yarsa, ya dubi gwiwarta da ta kumbura, ya ɗaga ta a hankali ya ɗora a bayan babur. Sannan ya tura hula baya, daidai yadda Brodie ya hango tun farko, ya ƙare wa motar kallo daga ƙasa har sama.

"Mota ta yi kyau, yaro. Daga can sama ai ana hango hanyar komawa sosai."

Mataki na takwas: Koma gida

Yanzu kai kaɗai ne. A kowane ƙyaure za ka diro ka buɗe, ka hau ka wuce, ka sake dirowa ka rufe, ka sake hawa. Brodie ya ce tun kafin ya kai rabi gwiwoyinsa biyu masu lafiya suka fara kuka, kuma a nan ya zauna a gindin wani shinge ya yi nasa kukan.

A kula

Mai wannan rubutu ba bakanike ba ne, ba kuma mai sasanta masoya ba. Babu ruwansa da tayar da ta goge, ko takardar ɗan sanda, ko zoben da har yau yake aljihun mota yana ƙara a kowane rami. Tsayi na yi maka alkawari, kuma na cika. Je ka duba ta Brodie, tana nan ƙofar gidansa, ta fi ta Tezza. Kujerar gefen ma sabuwa fil, don ba mai hawa.