Rasuwar Kambas ɗin Kofur Lawwali, Ƙafar Hagu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yau ba ta huce ba, Malam Gide, malamin awon auduga na Mairuwa ta ƙasar Faskari, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da waɗanda suka yi ta dariya, rasuwar takalminsa kambas, ƙafar hagu. Ya cika ne a kasuwar Ƙanƙara, a hannun Audi baduku, bayan jinyar kwana huɗu. Shekarunsa takwas a duniya.

Marigayin ba haifaffen Mairuwa ba ne. Gwamnati ce ta ba Lawwali, ƙanen Malam Gide, shi da ɗan'uwansa na dama, a shekarar da ya shiga soja. Sun je yaƙi tare, sun dawo tare, ko igiya ba ta tsinke ba. Lawwali ya dawo da igiya biyu ta kofur a hannun riga da wani tari mai tauri, ya kama aikin gadi a Sabuwa, ya zuba kambas ɗin a akwati. Tarin ya ci gaba da cinsa shekara biyar. A farkon daminar bana Malam Gide ya je duba shi, ya tarar da shi kwance ya zama kamar sillen kara. Lawwali ya nuna akwatin da haɓa.

"Yaya, ɗauki kambas ɗin nan," ya ce. "Harsashi bai same ni ba. Abin da ka koya mani bayan rumbun Baba, shi ya same ni. Kai dai ka gudu."

Malam Gide bai musa ba, don shi ya fara sa masa karan sigari a baki, Lawwali yana ɗan shekara goma sha huɗu. Bayan sadakar bakwai ya dawo gida da takalmin cikin buhu, ya miƙa wa matarsa Hajaratu kwalin sigarin da ke aljihunsa, ta jefa a murhu.

Makonni ukun da suka biyo baya ba abin tunawa ba ne. Ya ci goro har haƙoransa suka rine, ya tauna asuwaki har dasashinsa ya yi jini, ya yi faɗa da Hajaratu a kan gishiri, a kan kaza, a kan yadda take rufe ƙofa. Ranar da ya wurga wa akuya buta, ta tasa shi gaba zuwa ɗakin shan magani. Malama Alheri, mai duba marasa lafiya a wurin, ta daɗe tana sauraron ƙirjinsa, sannan ta juya katinsa ta rubuta a baya: gudu daga falwaya ɗaya, wato turken wayar bakin hanya, zuwa ta gaba, tafiya falwaya biyu, a sake, sau uku a mako, bayan la'asar. Duk mako a ƙara falwaya ɗaya. Ta ce kada ya yi gaggawa, huhun da aka yi shekara ashirin da biyar ana turarawa ba ya wankuwa rana ɗaya.

A nan aikin marigayin ya fara, kuma a nan aka ga halinsa. Ya yi wa ƙafar Malam Gide yawa, sai da aka cusa masa auduga a baki, bai taɓa ƙorafi ba. Ranar farko falwaya uku kawai suka iya. Malam Gide ya durƙusa bakin hanya yana kakin wani abu baƙi kamar ruwan tukunya, marigayin ya tsaya ƙarƙashinsa har ya gama, bai kuma kai labarin gaba ba. Maganarsa ba ta da yawa. A busasshiyar ƙasa yakan ce faf, faf, faf. In an yi ruwa ya ce cakal, cakal. Ƙaya ta shige shi sau biyu, ya riƙe ta a jikinsa bai bari ta kai ga nama ba.

Mutanen gari ba su yi irin wannan kara ba. A Mairuwa mai furfura ba ya gudu sai gobara ko sa ya tsinke. A mako na biyu wasu manoma uku suka hango shi, suka yar da fartanya suka rufa masa baya, sai da suka kai gada suka tambaye shi abin da ake gudu. Da ya ce ba komai, lafiya yake nema, ɗayansu ya tofa yawu ya juya. Daga ranar aka sa masa suna Mi-ya-koro-ka. Shekarar ce kuwa da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka sauka, masinja ma ya hau babur, ƙafa ta zama abin kunya. A majalisar gindin mangwaro, inda ya yi shekara da shekaru yana busa hayaƙi, wasu suka ce mutuwar ƙanensa ta taɓa masa kai, wasu suka ce rowa ce ta hana shi sayen ko keke. Babu wanda ya ce Allah ya taimaka.

Wanda ya fi kowa dariya shi ne Alhaji Bilya, abokinsa tun suna raba kara ɗaya su biyu, wanda yanzu yake kai wa masu aikin hanya tsakuwa, ya kuma sayi sabuwar Fijo.

Ciwon ajali ya zo a mako na tara. Ranar nan Malam Gide ya tashi daga bakin gari, a karo na farko bai tsaya ba, bai yi tari ba, falwaya goma sha ɗaya a jere. Iska tana shiga ƙirjinsa har ƙasa, abin da ya manta ɗanɗanonsa. Yana hango gada sai ga Alhaji Bilya a bayansa da mota cike da 'yan majalisa. Ya matso shi yana danna ham, yana ƙara matsowa, don wasa. Malam Gide ya kauce hagu, inda masu aiki suka malala kwalta da rana, ba ta gama hucewa ba. Marigayin ya shiga gaba. Ƙasansa ya kafe a cikin kwaltar, samansa ya biyo ƙafa. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce ɓarat. Ƙafar ba ta ƙone ba, shi ya ɗauke zafin.

Alhaji Bilya ya fito yana share hawayen dariya.

"Haba Gide, a kan wannan tsumman kake ɓata rai? Gobe in na shiga Funtuwa na kawo maka dozin. Ungo, ja ɗaya hankalinka shi kwanta."

Ya miƙo kara. Malam Gide yana so a sani, don sanarwar mutuwa ba wurin ƙarya ba ce, cewa hannunsa ya karɓa kafin zuciyarsa ta yi magana. Alhaji ya ƙyasta ashana. Malam Gide ya dubi wutar har ta cinye tsinken, sannan ya sa karan a aljihu, ya durƙusa ya ɓamɓare ƙasan takalmin daga kwalta da dutse, ya koma gida ƙafa ɗaya a takalmi ɗaya a safa.

Ranar kasuwa ya kai shi Ƙanƙara. Audi baduku ya kankare, ya shafa gam, ya ɗinka, zaren ya yage yadin. Ya sake ɗinkawa, ya sake yagewa. A karo na uku ya ajiye basilla ya ce, "Malam, haƙuri. Babu wurin da allura za ta kama."

Marigayin ya bar ɗan'uwansa na dama, wanda ke zaune bayan ƙofa ba ya iya fita shi kaɗai. Ya bar igiya ɗaya, da safa mai tabon kwalta, da curin audugar da ya riƙe a bakinsa mako tara. Ya bar katin Malama Alheri da sauran makonni uku da ba a cika ba. Ya bar Malam Gide, wanda kwana shida ke nan bai fita gudu ba, kuma karan nan yana aljihunsa, yana jin ƙanshinsa duk sanda ya sunkuya.

Za a binne shi gobe Laraba bayan la'asar, a bayan gida, gindin zogale. Ba za a yi masa wanka ba, kwalta ba ta fita. Za a sa karan sigarin a cikinsa a rufe su tare, Hajaratu ce za ta tura ƙasa, don Malam Gide bai yarda da hannunsa ba. Ba a karɓar gudummawar takalmi daga kowa, ko ɗaya ko dozin. An ɗauke wa Alhaji Bilya da 'yan gindin mangwaro wahalar zuwa. Daga wurin binnewa Malam Gide zai wuce bakin hanya da tsofaffin silifas ɗinsa ɗaure da tsumma, ba zai zauna karɓar gaisuwa ba.

Maƙwabta kuma su yi haƙuri da zuwa ɗibar wuta. Hajaratu ta kwashe ashanar gidan ta kai ajiya, murhu ma ba za a hura ba sai an rufe ramin.