Ranar da akuyata ta buɗe cibiya

Jama'a, yau da safe na fita da bido biyu neman ruwa, na dawo ba ko ɗigo, sai tafin hannuna da ya yi jajur saboda tafi. Ku gyara zama in ba ku labari, don abin ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai.

Kun dai san Bilal, ɗan maƙwabciyata, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda ke da rumfar cajin salula a bakin kasuwar Tasawa. Ban da caji, yana ɗaukar kiɗan makaɗan ƙauyukanmu ya zuba a wani shafi nasa na intanet. To ni ina da wata jar akuya, wadda ba ta da wurin kwana da rana sai ƙarƙashin teburinsa. Duk waƙar da ya ɗauka sai ta sa baki a ciki. Haka mutane suka raɗa wa rumfar da shafin suna Jar Akuya. 'Yan ci-raninmu da ke can arewa sukan ce in ba su ji kukanta a tsakiyar waƙa ba, to ba su ji gida ba.

Wanda ya fi kowa cin moriyar sunan nan shi ne Ɗan Malam, wani dattijo mai gurmi daga Korgom. Bana ruwa ya ɗauke tun gero bai yi kai ba, rumbunsa ko ɓera ba ya leƙawa. Abin da ke riƙe da gidansa shi ne biki. Mai aurar da ɗiya ya nemi Jar Akuya a waya, ya ji gurminsa, ya kira shi, dattijon ya koma gida da 'yan tiyoyin hatsi.

Sai ga masu girma, Allah ya ƙara musu inuwa, sun waiwayi famfon unguwarmu. Tun ina amarya ana ce masa Famfon Tsamiya. Ya lalace, muka kai kuka. Cikin tausayi irin nasu, suka zo suka sake masa suna. Muka sake kai kuka, suka sake masa wani, wanda ya fi na farko tsawo, da baƙaƙen Faransanci reras a allo. Ruwa dai shiru, amma allon kam, tubarkalla, ko a birni sai an tona.

Wannan ne ya ba Bilal dariya. Ya samo fenti ya rubuta a goshin rumfarsa: Cibiyar Haɗin Gwiwa don Bunƙasa Sautin Karkara Mai Ɗorewa, Kashi na Ɗaya. Shafin ma ya canza masa suna haka. Muka yi dariya har da riƙe ciki. Na ce masa, “Ɗan nan, saura ka daina cajin, sai ka zama hukuma sosai.”

Dariyar ba ta daɗe ba. Wa zai iya rubuta wannan jelar suna a waya? Mai nema ya nemi Jar Akuya ya rasa, ya ce an rufe. Rannan sai ga Ɗan Malam a kan amalanke, gurmi a rataye, fuska ba annuri.

“Bilal, mi na yi maka?” in ji shi. “Wayata ta yi shiru kamar an yi mata rasuwa. Kaka ta shigo, ana ta ɗaurin aure, ni ko kare bai kira ni ba.”

“Baba, wasa ne fa.”

“To wasan naka ya hana yarana tuwo.”

Bilal ya miƙe nan take. Ya ɗauko tsani zai sauke allon ke nan, sai ga wata katkat, irin motar manya, ta ci birki. Wani mushe, wato babban ma'aikaci, mai tumbi da tabarau ya fito, ya karanta allon a hankali, yana gyaɗa kai. Da ya kai kan “Kashi na Ɗaya” sai idonsa ya yi haske.

“Wannan ai porojenmu ne, shirin gwamnati. Wa ya ce ka taɓa shi?”

“Ranka ya daɗe, ni na rubuta da hannuna.”

“Madalla, ka yi aikin ƙasa. Amma ba a buɗe shi ba tukuna. Allon da ba a buɗe ba kuwa, ba a sauke shi.”

A wannan zamani na masu kaki, wa ke gardama da mai katkat? Ashe kowane biro na gwamnati ya ɗauka shirin na ɗan'uwansa ne, kuma ba wanda ke so a ci shinkafar biki ba da shi ba.

Shi ne yau aka tare mu a hanyar neman ruwa, aka ce mata su zo su yi tafi. Masu kabu-kabu suna can layin esansi a gidan mai tun jiya, amma motocin manya sun zo jere, kowace da mutum guda a baya, injin yana ta ruri don kada sanyin ciki ya tsere. An ɗaura wani koren kyalle mai sheƙi a bakin rumfa. An zaunar da Ɗan Malam gefe don ya yi ado. Akuyata kuwa an ce in ɗaure ta a gida, wai ba ta dace da taro ba.

Mai Girma Sarkin Almakashi ya miƙe da takarda. Ya fara kiran sunan cibiya, ya sarƙe a tsakiya, ya koma farko. Yana cikin haka na hango jar akuyata tana ratsa ƙafafun mutane, da guntun igiya a wuya. Lokacin kwanciyarta ya yi, ga wani abu kore ya tare mata hanya, ita kuma rabonta da ganin kore tun damina. Ta kama bakin kyallen ta shiga tauna. Kafin a miƙo almakashi a faranti, baiwar Allah ta buɗe cibiya, ta wuce ƙarƙashin teburi ta kwanta.

Kasuwa ta ɗauka gaba ɗaya: “Jar Akuya! Jar Akuya!” Wayoyi duk sun tashi sama ana ɗauka.

Mai Girma ya dubi faranti, ya dubi jama'a. Ai ba banza ake zama babba ba. Ya gyara murya ya ce bayan dogon nazari, an amince a kira wannan cibiya Jar Akuya, don kusantar da ita ga talakawa. Muka yi tafi, wannan karon da gaske. Bilal bai jira an gama ba ya duƙa kan wayarsa ya mayar wa shafin sunansa.

Motoci ba su gama juyawa ba wayar Ɗan Malam ta yi ƙara. Daga Kanan-Bakashe ne, biki ranar Juma'a. Ya dafe kunne yana cewa, “Awo, ni ne na Jar Akuya!” Da ya gama ya tsuguna ya shafa mata kai, ya ce, “Hajiya, na gode.”

Ni dai na kwaso bidona wayam na ja abata muka yi gida. Masu tambayar lafiyarta, garau take, tana tuƙa. A duk unguwarmu, bana ita kaɗai ce ta ci wani abu daga hannun manya.