Firana Sun Koma Farar Hula

"Ni da kuke gani, ko kura aka ba ni, kafin wata ya mutu sai ta koma cin ganye!"

Oga Ernest na Unguwar Boro ke nan yake bugun ƙirji, a shekarar da soja suka yarda za su koma bariki. In ba ka san shi ba, tsohon akawun masaƙa ne, gajere mai tumbi, wanda tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa cewa "ban sani ba".

Zazzaɓin zaɓe ya kama kowa, har ƙungiyar masu gidajen unguwa ta ce ita ma bana da dangwale za ta zaɓi shugaba, miji da mata kowa da ƙuri'arsa. Ernest ya ƙwallafa rai a kan kujerar nan. Abokin karawarsa Baba Yakubu ne, dattijon da ko gaisuwa ba ya tsawaitawa.

Ana haka sai wani Bature da zai koma ƙasarsu ya bar wa Ernest akwatin gilashi da 'ya'yan kifi shida a ciki, masu jan ciki da haƙora kamar zarto. Ya ce sunansu firana, a riƙa ba su nama safe da rana da yamma, in ba haka ba za su cinye junansu.

"Nama?" in ji Ernest. "Zamanin cin nama ya wuce! Waɗannan sojoji ne, ni zan mai da su farar hula. Jama'a su ga irin shugaban da za su samu."

Ya raɗa musu suna, daga Janar har Kofur. Ya fara zuba musu gwaten acha da alayyahu, yana yi musu lacca a kan zaman lafiya.

Matarsa Scholastica ta leƙa ta ce, "Baban Edith, kifin nan fa ba sa cin gwate."

"Yajin cin abinci suke. Haƙƙinsu ne a dimokuraɗiyya."

Washegari aka ga Kofur ba wutsiya.

"Rage masa girma aka yi," in ji Ernest, Farfesan Kifi.

Bayan kwana biyu kuma Manjo ya ɓace, sai kansa kaɗai ke yawo a saman ruwa.

"Ya yi ritaya," in ji Ernest.

"Wace irin ritaya ce ake barin kai a ofis?" in ji Scholastica.

"Mata ba ku san aikin gwamnati ba."

Haka aka yi ta ritaya, har ya rage Janar shi kaɗai, ya yi ɓul-ɓul, yana zazzare ido. Ana gobe zaɓe Ernest ya tara masu gidaje a falonsa. Janar na ganin taro ya ruga bayan dutse ya laɓe, don irinsu akwai tsoron mutane.

"Kun ga tawali'u?" in ji Ernest. "Aikina ne!"

Baba Yakubu ya ce, "To, ina sauran biyar ɗin?"

"Gwamnatin haɗin kai suka kafa, Baba. Yanzu ma zai miƙa mini mulki, ku zama shaida."

Ya naɗe hannun riga, ya tsoma babban yatsansa na dama. Janar kuwa rabonsa da abinci tun ranar da ya gama da Kanar. Caraf, ya cafke yatsan!

"Wayyo Yesu!" Ernest ya yi tsalle har ya ture fanka. Da ya ga ana dariya sai ya cije, ya ce, "Kuskure ne, bai gane ni ba. Da hagu muka saba gaisawa."

Wallahi sai da ya tsoma na hagun.

Ranar zaɓe ya iso da yatsu biyu a naɗe da bandeji, kowanne kamar curin dawo. Ya dangwala tawada, ya danna a takarda, sai ga tambari ya rufe sunansa da na Yakubu gaba ɗaya. Malamin zaɓe ya ɗaga ya ce, "Oga, wannan ta lalace."

Aka ƙirga. Baba Yakubu ya kwashe duka, Ernest ko ɗaya. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya juya ga matarsa.

"Maman Edith, har da ke?"

Ta gyara ɗankwali ta ce, "Shida aka ba ka amana, ga shi saura ɗaya. Ni kuwa ina da yara a unguwar nan."