Tsallen da Na Yi da Ido a Rufe

Da aka sassauta kullen korona, makarantarmu ta hawan doki a ƙasar wajen da muke zaune ta buɗe, aka ce ranar Asabar za mu tsallake kututture a fili. Tsoro nake ji, amma takunkumi ya ɓoye fuskata, don haka na cika baki.

"Yaya Rifkatu, kira 'yan gida na Jos ta bidiyo," na ce wa yayata. "Yau za su ga jarumi."

Maganin tsoron ma ni na ƙirƙiro: da mun doshi kututturen, in rufe ido. Haka kuwa na yi. Iska ta bugi fuskata, na buɗe ido, ga kututture a bayana. Na ɗaga hannu ina ihu, "Na tsallake!"

Malaminmu ya sosa ƙeya. "Boleh lah," in ji shi da yarensu, wato ba laifi, "sai dai dokin kewayawa ya yi."

Ashe ta gefe ya bi abinsa, kakata tana kallo daga Jos tana rangaɗa guɗa.

Har yau in muka iso bakin kwata a unguwarmu ta Taman Melati, sai Yaya ta kama hannuna ta ce, "Rufe ido, jarumi, mu kewaya."